Alhudahuda ya ce ya gani da idonsa, Annabi Sulaimanu ya ce "za mu duba"

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa Musulmi.

A Suratun Namli Allah Ya ba mu labarin ranar da Annabi Sulaimanu (AS) ya binciki rundunar tsuntsaye bai ga Alhudahuda ba. Jim kaɗan sai ga shi ya dawo da labari. Ya keta sararin sama har ƙasar Saba'i, ya tarar da mace tana mulki, tana da gadon sarauta mai girma, ita da mutanenta suna yi wa rana sujada. Da bakinsa ya ce labarin da ya kawo tabbatacce ne, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ku ji amsar Annabin Allah a aya ta 27: "Za mu duba, shin gaskiya ka faɗa ko kuwa kana cikin maƙaryata." Sarkin da aka hore wa iska da aljanu, wanda zai iya isa Saba'i da rundunar da ba su da ƙarfin tarar ta, bai ɗaga ko mashi ɗaya ba a kan rahoton da ya zo daga sama. Wasiƙa ya rubuta, ya ce a kai musu, a ga abin da za su mayar.

Yau ƙasashe sun ƙera nasu alhudahudan na ƙarfe. Jirgi marar matuƙi irin Bayraktar TB2 na Turkiyya, wanda Nijar da Mali da Burkina Faso suka saya, yana iya kwana ya wuni a sama bai sauka ba. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 wajen gina sansanin irin waɗannan jirage a Agadas, ta yi shekaru tana hangen Sahara daga can kafin ta kwashe kayanta a Agustan 2024. Na'urorinsu suna gani cikin dare, suna bin zafin jikin mutum, suna ƙirga babura nawa suka shiga daji nawa suka fito. Wanda ke riƙe da linzamin yana zaune a ɗaki mai sanyi, wani lokaci a wata nahiya daban, yana kallon allo.

To, me allon yake nuna masa?

Ranar 26 ga Agustan 2021 wani ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a ƙofar filin jirgin saman Kabul, sojojin Amurka 13 suka mutu tare da 'yan Afganistan kusan 170. Zukata suka cika da tsoro da fushi, ana jiran hari na biyu. Bayan kwana uku jiragen leƙen asiri suka kama wata farar mota Toyota Corolla, suka yi ta bin ta kusan awa takwas. An ga direban ya tsaya a wani gida ya karɓi jaka. An ga ya ɗauki mutane ya sauke. An ga ana loda wasu abubuwa masu nauyi a bayan motar. Da yamma ya shigo tsakar gidansa, yara suka rugo tarar sa yadda yaran kowa suke yi idan baba ya dawo, sai aka saki makami. Mutum goma suka rasu, bakwai daga cikinsu ƙananan yara. Babban hafsan sojin Amurka na lokacin, Janar Mark Milley, ya fito ya ce harin yana bisa daidai. Sai ranar 17 ga Satumba Janar Kenneth McKenzie, kwamandan sojin Amurka na yankin a lokacin, ya amsa cewa kuskure ne mai muni. Mutumin ma'aikacin wata ƙungiyar agaji ne. Jakar da ya karɓa ta kwamfuta ce. Abubuwa masu nauyin nan jarkokin ruwa ne yake kai wa iyalinsa. Daga baya aka ce babu sojan da za a hukunta.

Ku lura da kyau, 'yan uwa: na'urar ba ta yi ƙarya ba. Motar fara ce, an karɓi jaka, an loda kaya. Duk abin da ido ya gani ya faru. Zuciyar da ke bayan idon ce ta riga ta yanke hukunci, sai kowane motsi ya zama mata hujja. Mai neman ɗan ta'adda, ko alwala ya ga kana yi, shirin kai hari zai gani. Awa takwas ana hange, ba a san mutumin ba ko na minti ɗaya. Hangen Dala ba shiga birni ba.

Ba sai mun je Kabul ba ma. Daren Lahadi 3 ga Disamban 2023 mutanen Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna suna taron Mauludi, maza da mata da yara, jirgi marar matuƙi na sojin ƙasa ya sakar musu bam. Waɗanda suka tsira sun ce da jama'a suka taru suna kwasar 'yan uwansu, sai na biyu ya sauka. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, wasu suka ce adadin ya wuce haka. Sojoji suka ce sun ga taro da motsi irin na 'yan bindiga. Marigayi Janar Taoreed Lagbaja, babban hafsan sojin ƙasa a lokacin, ya je garin ya ba da haƙuri. Daga sama taro taro ne. Allon ba ya jin salati, ba ya jin ƙasida, bai san cewa ɗan ɗigon nan da ke motsi yarinya ce da aka yi wa lalle da kitso don wannan daren ba. Kafin wannan ma an yi na Rann a jihar Borno, a Janairun 2017, inda jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira.

Kada wani ya ɗauki maganata a matsayin zagin soja. 'Yan bindigar nan da gaske suke, sun tashi garuruwa, sun hana noma, sun sayar da mutane kamar awaki. Sojan da ke cikin dajin ɗan wani ne, mijin wata ne, da yawansu sun koma ga Allah a bakin aiki. Jirgin da ke gano maɓoyar masu garkuwa ni'ima ne, kuma wanda 'yarsa ke hannunsu ya fi kowa sanin haka. Musulunci bai hana leƙen abokan gaba ba. A daren yaƙin Ahzabu Manzon Allah (SAW) da kansa ya aiki Huzaifa ɗan Yamani ya shiga cikin sansanin Ƙuraishawa ya kawo labari. Sai dai ya gargaɗe shi kada ya tayar da komai, har Huzaifa ya ga Abu Sufyanu yana jin ɗumin wuta, ya ɗora kibiya a baka, ya tuna umarnin, ya mayar da ita. An aike shi ya gani ne, ba a aike shi ya harba ba.

Allah Ya yi magana da mayaƙa kai tsaye a Suratun Nisa'i, aya ta 94: ya ku waɗanda suka yi imani, idan kun fita saboda Allah to ku tabbatar, kada ku ce wa wanda ya yi muku sallama "kai ba mumini ba ne." Ibnu Abbas ya ce wani mutum ne yana tare da 'yan tumakinsa ya haɗu da wasu sahabbai, ya yi musu sallama, suka ce don ya tsira ne kawai ya yi, suka kashe shi suka kora dabbobin. Makiyayi da dabbobinsa a bakin daji, an yi masa kallon abokin gaba. Wannan hoton bai yi muku kama da wani abu da muka sani ba? A cikin ayar nan guda ɗaya sau biyu Allah Ya ce a tabbatar, a farkonta da ƙarshenta, kuma a fagen fama ake, inda jinkirin daƙiƙa ɗaya kan iya cin ran mutum.

Usama ɗan Zaidu, masoyin Annabi ɗan masoyinsa, ya rutsa wani mutum a yaƙi. Da mutumin ya ga mutuwa sai ya ce La'ilaha illallah, Usama ya soke shi. Hujjar Usama mai ƙarfi ce a ido, kowa zai ce tsoron makami ne ya sa ya faɗa. Manzon Allah (SAW) ya ce masa: "Me ya hana ka tsaga zuciyarsa ka gani?" Ya yi ta maimaita masa har Usama ya yi burin a ce ranar ce ya fara shiga Musulunci. Wannan fa tazarar mashi ce tsakaninsu, yana ganin ƙwayar idonsa, yana jin muryarsa. Ina ga wanda ke hange daga nisan kilomitoci, ta cikin allo?

Idan kuma kuskuren ya riga ya afku, shari'a ba ta bar shi a "muna baƙin ciki" ba. Aya ta 92 a wannan surar ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure: a miƙa diyya ga iyalan mamaci, a 'yanta baiwa ko bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Da Khalidu ɗan Walidu ya kashe mutanen Banu Jazima bisa kuskuren fahimtar abin da suka faɗa, Annabi (SAW) ya ɗaga hannu ya ce: "Ya Allah, ina barranta zuwa gare Ka daga abin da Khalidu ya aikata." Sau biyu ya faɗa. Malaman tarihi sun kawo cewa ya aiki Sayyidina Ali da dukiya ya biya su. Bai rufa wa kwamandansa asiri don kare sunan runduna ba, alhali Khalidu ne, Takobin Allah. Shugaban da aka zubar da jini a ƙarƙashin ikonsa ya san buhun shinkafa da ziyarar jaje ba su sauke wannan nauyin.

Yanzu bari in juyo kanmu, don na san da yawa mun karanta har nan muna gyaɗa kai muna tsine wa masu jirgi. Wayar da ke hannunka fa? Bidiyon daƙiƙa talatin ya shigo maka, ba ka san farkonsa ba, ba ka san ƙarshensa ba, ba ka san ko na bara ne ko na wata ƙasa ba, ka rubuta "Allah Ya tona asirinsu" ka watsa a zaure biyar na WhatsApp. An ga matar wane ta fito daga motar wani. An ga malam wane ya shiga gidan ɗan siyasa. An ga wane yana sayar wa Fulani burodi da fetur ranar kasuwa, an ce infoma ne. A wasu garuruwanmu wannan kalma ɗaya ta isa a wayi gari babu mutum, ba alƙali, ba shaida, wani lokaci ma tsohuwar gaba ce ta gona ko ta neman aure aka fake da ita.

Mun yi kuka, kuma ya cancanci kuka, da aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025, suna hanyar komawa gida Kano yin Sallah. An ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu garkuwa ne, aka cinna musu wuta. Zafin da muka ji ranar, shi ne zafin da uwar yaron da aka yi wa ihun ɓarawo a kasuwarmu take ji. Wanda ya fara ihun da wanda ya kawo taya da wanda ya tsaya yana ɗaukar bidiyo, kowa zai amsa nasa. Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Suratul Hujurati kuma ta faɗi sakamakon tun kafin a yi: ku tabbatar, kada ku cuci wasu mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama.

Akwai abin da ke girgiza ni duk lokacin da na tuna shi. Allah Shi kaɗai ne ganinSa bai da kuskure. Ya san yaudarar idanu da abin da ƙiraza ke ɓoyewa, duhu ba ya tare Shi, rufin ɗaki ba ya tare Shi. Duk da haka Ya ce ba Ya azabtarwa sai Ya aiko manzo. Ranar hisabi kuma ba zai ce "Na gani" kawai a wuce da bawa ba. Za a buɗe littafi a ce karanta da kanka, a kafa ma'auni, a kawo shaidu, hannu da ƙafa su yi magana. Wanda ba Ya bukatar shaida Ya tsayar da shaida. Kai da ba ka san abin da ke bayan katangar maƙwabcinka ba, gaggawar me kake yi?

Wanda ya san ya taɓa jefa wa wani kalmar infoma ko ɓarawo ko mazinaciya bisa hange, istigfari a ɗaki shi kaɗai bai wadatar ba, domin haƙƙin bawa ne. Ya koma zauren da ya watsa maganar ya janye ta a fili, da sunansa, yadda ya faɗe ta da sunansa. Ya nemi mutumin ya roƙe shi yafiya tun yana raye. Idan maganar ta riga ta ci rai, ya je wurin malamin da ya san hukuncin jini ya tambayi abin da ke kansa, kada ya tsaya jiran mantuwar mutane. Ɗan uwanmu soja ko ɗan sa-kai da wannan rubutu ya iso gare shi, idan aka ce maka harba alhali zuciyarka ba ta natsu ba, ka faɗi shakkarka ga na gaba da kai ko da muryarka tana rawa.

Allah Ya jiƙan mutanen Tudun Biri da na Rann da na Uromi, da yaran nan bakwai na Kabul da iyayensu. Ya jiƙan sojojinmu da suka kwanta dama a daji, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun 'yan bindiga, Ya tsare hannayenmu da harsunanmu daga jinin bayinSa. Amin.