Kududdufan kuza na Bukuru, daga nan Essen

Ranar Asabar na kai yara Zollverein, tsohuwar mahaƙar kwal da ke nan Essen a Jamus. An rufe ta a 1986, a 2001 kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya. Yau gidan tarihi ne, ga ofisoshi, har da wurin ninƙaya kusa da tandunan da ake gasa kwal a da. Yara na ta guje-guje, ni kuwa hankalina ya tafi Bukuru ta jihar Filato, ga kududdufin kuzar da mahaifiyarmu ke rantsuwa za ta karya ƙafar duk wanda ya je bakinsa.

Ba kuɗin Jamusawa ne ya fi ba ni sha'awa ba. Tsarin ne. Doka ba ta barin kamfani ya tattara komatsansa sai hukuma ta amince da shirin rufewa: ina ruwa zai bi, me ƙasar za ta zama. Tun 2007 suka kafa gidauniyar RAG don biyan kuɗin zuƙe ruwan ramukan har abada, alhali mahaƙar ƙarshe, Prosper-Haniel ta Bottrop, sai 2018 aka rufe ta. Shekara 11 ke nan suna shiri.

Mu fa? Farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, manyan injuna suka yi shiru, aka bar Filato da ramuka da tsibin jar ƙasa. Ba taro, ba shawara.

Amma an yanke hukuncin abin da za a yi da ramukan, sai dai ba a ofis ba. Masu lambu suka yanke. Je ka Barkin Ladi da rani ka gani: injin ban ruwa na ƙugi a bakin rami, tiyo ya miƙe har cikin kabeji da karas da dankalin Turawa. Shi ya sa nake jin haushi in na ji masu cewa a cike ramukan gaba ɗaya, ko a kwaikwayi Turai a mai da su wurin shaƙatawa irin na Rayfield da ke Jos. Wa ya tambayi mai tumatir?

Ni dai a ganina a bi su ɗaya bayan ɗaya. A gwada ruwan kowanne, a zauna da mai unguwa, manoma, makiyaya da matan da ke wankin kuza har yanzu. Wanda ke cin yara a katange shi ko a cike, wanda ke ciyar da gari a gyara masa gangara. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta tanadi asusun gyaran irin waɗannan wurare. Daga nan ya kamata kuɗin wayar katangar ya fito.