Malamai, tsoratarwa kaɗai ba ta kare yaro a intanet

'Yan uwana malamai masu koyarwa a ƙaramar sakandare, mu yi magana a kan yaran nan 'yan shekara 11 zuwa 14 da wayoyin da ke hannunsu. Da yawanmu idan muka tashi yin gargaɗi, sai mu tara su mu tsorata su, mu ce mun sauke nauyi. Ba mu sauke ba. Abin da yaro ke fita da shi daga ajin shi ne: in wani abu ya same ni a waya, kada manya su ji, don za a ƙwace ta.

Wannan shirun kuwa shi ne jarin mai cutar da yara. Ku duba yadda abin yake tafiya. Wani ya haɗu da yaro a wasan Roblox ko Free Fire, ya ce ai shi ma sa'ansa ne. Ya yi ta yabonsa, ya saya masa kayan wasa, bayan 'yan kwanaki ya ce su koma Snapchat su yi hira su biyu. Daga nan sai neman hoton tsiraici, wai ai da kansa zai ɓace. Ina! An riga an ɗauke shi da wata wayar. Nan take murya ta sauya: turo kuɗi, ko in aika wa iyayenka da 'yan ajinku. Hukumar FBI mai binciken manyan laifuka a Amurka ta sha gargaɗi cewa samari 'yan shekara 14 zuwa 17 aka fi farauta da wannan salo, don haka kada mu ɗauka 'yan mata kaɗai ke cikin haɗari. Ku gaya musu ƙarara, ku kuma maimaita: kada ka biya, kada ka goge saƙonnin, ka toshe shi, ka zo wurin babba. Wanda ya yaudare ka shi ne mai laifi. Ku kuma roƙi iyaye su yi alkawarin ba za su fara da duka ko ƙwace waya ba ranar da yaro ya zo da irin wannan labari.

Sauran darasin a aikace ake yin sa. Ku buɗe saitin waya a gabansu, su ga inda ake rufe shafi daga baƙi da inda ake kashe nuna wuri. Ku nuna musu lambobi shida da WhatsApp ke aikowa, su san cewa duk wanda ya ce "na tura maka lamba bisa kuskure, maido min" shafinsu yake shirin sacewa, ko da da sunan aboki saƙon ya zo. Ku ɗaga hoto ɗaya ku tambaye su me baƙo zai gane daga ciki: tambarin rigar makaranta, lambar gida, sunan titi.

Facebook, Instagram da TikTok duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙanƙanta, abin da ya samo asali daga dokar COPPA ta kare bayanan yara a intanet da Amurka ta kafa a 1998. Ostireliya ma ta zartar da doka a 2024 ta mai da shi 16. Yaron da ya ƙara wa kansa shekaru don buɗe shafi ya jefar da kariyar da aka tanadar wa yara, kuma yawancinsu ba su san haka ba.

Akwai ɓangaren da ya fi damuna, wato yaranmu a matsayin masu cutar da juna. An ɗauki yarinya hoto tana barci a aji, an sa a zauren 'yan aji, kowa ya danna alamar dariya. Ka tambayi yaro, ya ce "Malam, ni fa turawa kawai na yi." Kada ku bar wannan amsar ta wuce. Ku tambaye shi wayoyi nawa hoton ya shiga ta hannunsa, kuma wa zai iya dawo da shi. Ku koya musu abin da ɗan kallo zai iya yi: ya ƙi turawa, ya tuntuɓi yarinyar a keɓe, ya sanar da malami.

Su kuma suna kallonmu. Don Allah, kafin ka sa hoton ɗalibanka a shafinka, nemi izininsu da na iyayensu, a gaban ajin, su ga yadda ake tambaya.