Ƙannena, Ba a Sayen Alherin Allah

'Yan'uwana matasa, musamman ku da aka yi muku baftisma a ikilisiyar Lutheran kuka kuma haddace ƙaramin katekism kafin a tabbatar da ku, akwai maganar da nake so mu yi, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Da yawanku yanzu wa'azin da kuke ji a waya ya fi wanda kuke ji ranar Lahadi yawa, kuma kun san irinsa. Mai wa'azi yana kai da kawowa, gumi na zuba, yana cewa akwai wani cikin masu kallo da ƙofarsa za ta buɗe kafin ƙarshen wata idan ya "shuka iri", lambar asusun banki kuma tana ta wucewa a ƙasan hoton. Sai ka ga yaro mai hankali, wanda neman aiki ya ishe shi, ya ranto kuɗi ya tura. Wata ya ƙare, ƙofa ba ta buɗe ba, bashi na nan. Idan ya koma da kuka, amsar a shirye take: bangaskiyarka ce ta yi kaɗan, ko kuma irin ne bai kai ba.

Abin takaicin shi ne, a kan irin wannan ciniki ne rigimar da ta haifi ikilisiyarmu ta tashi. A shekarar 1517 wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana yawo a garuruwan Jamus da akwatin kuɗi da takardun yafe horon zunubi. Ka biya, a ba ka takarda, kai ko iyayenka da suka mutu ku sami sauƙi. An ce za a gina majami'ar Bitrus a Roma da kuɗin. Abin da talaka bai sani ba, rabi yana tafiya ne wajen biyan bashin da Albrecht, babban bishop na Mainz, ya ci a bankin iyalin Fugger don ya sami kujerarsa. An hana Tetzel shiga yankin da Wittenberg take, amma mutanen garin suka riƙa tsallakawa zuwa Jüterbog suna saye, su dawo da takarda a hannu. Martin Luther malamin jami'a ne a Wittenberg, amma kuma shi ke jin furcin zunubin waɗannan mutane, saboda haka ya ga ɓarnar da idonsa. Ranar 31 ga Oktoba ya aika wa Albrecht batutuwa 95 da ya rubuta a kan waɗannan takardu. Ku nemi na 43 da na 45 ku karanta. Ya ce a koya wa masu bi cewa wanda ya ba matalauci ko ya ranta wa mabukaci ya fi wanda ya sayi takarda, kuma wanda ya ga mabukaci ya wuce shi ya kai kuɗin wurin takarda, fushin Allah ya saya wa kansa.

Kada wani ya mai da wannan abin gori ga 'yan'uwanmu Katolika. Su sun haramta karɓar kuɗi a kan wannan tun ƙarni na 16, kuma a 1999 a birnin Augsburg wakilansu da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan matsaya guda game da barata ta wurin alheri, wato yadda Allah ke karɓar mai zunubi a matsayin mai adalci. Akwatin Tetzel yau ya fi yawa a wuraren da ake kiran sunan Luther da girmamawa.

Koyarwar kanta ba ta da wuya. Luther ya yi shekaru yana azumi, yana furta zunubi har mai sauraronsa ya gaji, duk don ya gamsar da Allah, zuciyarsa ba ta kwanta ba sai da ya fahimci Romawa 1:17. Adalcin da Allah yake nema, shi da kansa yake bayarwa kyauta saboda Almasihu, bangaskiya kuwa hannu ce kawai da ke karɓa. Abin da aka riga aka ba ka kyauta, wanda ya zo yana sayar maka da shi ko dai bai san shi ba, ko kuwa yana cutarka da gangan. Bitrus bai yi wa Siman mai sihiri sassauci ba da ya kawo kuɗi yana neman baiwar Ruhu, labarin yana cikin Ayyukan Manzanni sura 8.

Amma ni abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Abin da wannan wa'azi ke shukawa a zuciya ne: cewa mota da lafiya da aure da wuri su ne shaidar Allah yana tare da mutum, wanda kuwa yake fama to akwai abin da ya yi. A Heidelberg a 1518 Luther ya raba masu tauhidi gida biyu. Akwai mai tauhidin ɗaukaka, wanda ke neman Allah a inda ake nasara da ƙyalƙyali, har ya kai ga kiran mugunta nagarta. Akwai kuma mai tauhidin gicciye, wanda ke kiran abu da sunansa, domin ya san a inda Allah ya fi bayyana kansa sarai, wato a kan gicciye, babu abin da ya yi kama da nasara. Kuma ba a kan takarda kaɗai Luther ya san wannan ba. 'Yarsa Elisabeth ta mutu tana jaririya a 1528. Magdalena ta mutu a hannunsa a 1542 tana da shekara 13. Ya yi addu'a, yarinyar ta mutu, ya yi kuka, bai ɓoye ba. Da ɗaya daga cikin masu wa'azin wayar nan yana wurin, wane iri zai ce Luther bai shuka ba? Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya, amsar da ya samu tana 2 Korintiyawa 12:9, kuma ba a cire ƙayar ba.

To, akwai wani ramin a ɗaya gefen, kuma mu Lutheran mun fi faɗawa cikinsa. Tunda kyauta ne, sai mutum ya miƙe ƙafa: ba baiko, ba tuba, ba ruwansa da kowa. Dietrich Bonhoeffer, faston Lutheran da gwamnatin Hitler ta rataye a Afrilun 1945, ya kira wannan alheri mai araha, kuma ya ga inda ya kai ikilisiyar ƙasarsa, inda da yawa suka yi shiru ana kwashe Yahudawa. Shi kansa Luther ba waliyyi ba ne, abin da ya rubuta a kan Yahudawa a 1543 abin kunya ne, ikilisiyoyin Lutheran da dama sun fito fili sun yi tir da shi.

Abin da Luther ya koyar a 1520 shi ne mai bi ɗa ne mai 'yanci, ba ya ƙarƙashin kowa, kuma bawa ne ga kowa saboda ƙauna. Ayyukanka ba sa ƙara wa Allah kome, maƙwabcinka ne yake bukatarsu. Shi ya sa ya ɗauki aikin uwa mai reno da na manomi da na mai ɗinkin takalmi a matsayin kira daga Allah, daidai da na mai wa'azi. A 1523 ya goyi bayan mutanen garin Leisnig da suka kafa asusu guda na jama'a, daga ciki ake biyan fasto da malamin makaranta, a taimaki marayu da marasa lafiya, kuma zaɓaɓɓun mutane ne ke riƙe da makullan suna ba da lissafi a gaban jama'a. Kuɗin da a da ake kai wa don sayen gafara, ga inda suka koma.

Saboda haka ku ba da baiko, ku bayar hannu sake, amma a inda za ku iya tambayar ina kuɗin suka tafi a kuma amsa muku ba tare da an ce kun taɓa shafaffe na Allah ba. Ranar da ma'aji zai karanta lissafin shekara, kada ku sulale bayan an sa albarka, ku zauna ku ji. Idan a hannunka akwai abin da zai sayi maganin mahaifiyarka, saya mata maganin. Wanda kuma ya riga ya ci bashi ya tura, kada ya ƙara cin wani wai don ya cika irin. Ya je ya sami fastonsa ko wani dattijon ikilisiya, ya faɗi abin da ya faru ba kunya, su zauna su tsara yadda zai biya.