Hana gori bai sa ƙiba ta zama lafiya ba

Wasu na ɗauka in aka ce a daina yi wa mai ƙiba gori, to an ce ƙiba ba ta da illa ke nan. Ba haka ba ne. Gori bai taɓa rage wa kowa tumbi ba. Sau da yawa ma shi ke hana mace zuwa asibiti don kunyar hawa sikeli a gaban jama'a, har hawan jini ya ci ƙarfinta ba ta sani ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Illar kuwa tana nan. Kitsen da ke taruwa a ciki, kewaye da hanta da hanji, yana hana insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a cikin jini, aiki yadda ya kamata, ta nan ciwon suga ke samun ƙofa. Gwiwa ma tana shan wuya, musamman wajen tashi daga sujada.

Ga gwaji mai sauƙi: a auna tsayi da zare, a ninke shi gida biyu, a zagaya ciki da shi wajen cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, a je a duba jini da suga.

Kuma ba sai an rame ba. Mai kilo 90 da ya rage 5 zuwa 9 yakan ga sauƙi a sakamakon gwajinsa.