Darasin CrowdStrike da aka fahimta a baibai

Tun ranar 19 ga Yulin 2024, da wata sabuntawa ta kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙididdigar Microsoft, masu sharhi kan tsaron kwamfuta suka riƙe magana guda, cewa a rage kayan da ke cikin kenel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Microsoft ma ta tara kamfanonin tsaro a watan Satumbar shekarar domin duba yadda manhajojinsu za su yi aiki daga wajen kenel. Har nan babu laifi. Abin da ya dame ni shi ne yadda wasu suka ɗauko wannan hukunci suka shafa wa direbobin na'urorin tsaro a babbar manhajar Linux, wato ƙananan manhajojin da kenel ke sarrafa na'urori da su, irin su direban TPM, guntun lantarki da ke adana shaidar amincin na'ura, suna cewa gara a bar su a matsayin modul da za a loda daga baya, maimakon a gina su a jikin kenel ɗin.

Wannan ra'ayi bai ma fahimci abin da modul yake ba. Da zarar an loda modul, ya zama ɓangaren kenel, yana da dukkan ikon da sauran sassan suke da shi, kuma idan ya yi kuskure na'urar gaba ɗaya ce za ta faɗi. Direban CrowdStrike kansa ba a jikin kenel ɗin Windows aka gina shi ba, loda shi ake yi daga waje, yana ɗauke da sa hannu na halal, kuma fayil ɗin bayanai da aka tura masa ne ya kayar da shi. Saboda haka wanda ya mayar da direban TPM modul bai kare kansa daga irin wancan bala'i ko kaɗan ba, ya dai jinkirta zuwan direban ne kawai.

A jinkirin nan ne matsalar take, domin aikin TPM aiki ne na lokaci. Tun 2009, a kenel 2.6.30, Linux yake da tsarin IMA, wanda ke auna kowane fayil, wato ya fitar da lambar da ke canzawa idan an taɓa fayil ɗin, kafin a gudanar da shi, ya tura sakamakon awon zuwa ma'ajiya ta 10 daga cikin ma'ajiyun PCR da ke cikin guntun. An tsara wannan ma'ajiya ta yadda ba a iya goge abin da ke cikinta, sai dai a ƙara a kai, har zuwa lokacin da za a sake kunna na'urar. Wannan ne ke ba wata na'ura da ke nesa damar gaskata cewa ba a taɓa jerin awon ba. To amma IMA yana tashi ne tun farkon kunna na'ura, kafin a fara karanta fayilolin modul. Idan ya duba bai tarar da direban TPM ba, sai ya rubuta layi ɗaya a kundin kenel cewa bai ga guntu ba, ya ci gaba da awonsa ba tare da wurin kullewa ba. Na'urar za ta tashi lafiya lau, mai ita ba zai ga wata alama ba, kuma direban da zai iso bayan daƙiƙa biyu ihu ne bayan hari. Shi ya sa a na'urorin x86, wato masu kwakwalwar Intel ko AMD, zaɓen IMA wajen haɗa kenel yake jawo direban TPM ya shiga ciki dole. Waɗanda suka rubuta tsarin sun san abin da suke gudu. Inda ake yawan faɗawa ramin shi ne ƙananan allunan kwamfuta masu kwakwalwar ARM, inda guntun yake rataye a layin SPI ko I2C da ke haɗa shi da kwakwalwar, domin can ko direban TPM yana ciki, in dai direban layin modul ne, an koma gidan jiya.

Za a ce ai tun 2012, a kenel 3.7, ake iya sa hannu a kan modul, ga kuma Secure Boot, tsarin da ke hana na'ura tashi da manhajar da ba ta da sa hannu. Sa hannu yana tabbatar da wanda ya rubuta modul ne kaɗai, ba ya tilasta a loda shi, balle ya ce a loda shi a kan kari. A yawancin rabe-raben Linux, ana haɗa initramfs, fayil ɗin da kenel ke fara buɗewa idan na'ura ta tashi, a kan na'urar mai amfani ne, ba tare da sa hannu ba, kuma a cikinsa ne modul ɗin farko-farko suke zama. Wanda ya samu ikon taɓa wannan fayil ba ya buƙatar ƙirƙirar modul na bogi, ya isa ya cire na gaskiyar.

Masu cewa kenel zai yi ƙiba suna magana ne a kan direbobin da girmansu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na katin hoto guda ɗaya. Masu kafa hujja da Android, wanda tun fitowar Android 12 ya tura direbobin kamfanonin waya zuwa modul domin kenel ɗaya ya wadatar da wayoyi iri-iri, sun manta cewa Google na warware matsalar rarrabuwar kasuwa ne, kuma waya tana tantance ɓangarorin ma'ajiyarta da sa hannu tun daga tashi, abin da sabar da aka ɗora wa Linux ta gama-gari ba lallai ta samu ba.

Ba ina cewa a cusa kowane direba a kenel ba ne. Na'urar buga takarda da katin sauti su zauna a modul, babu wanda zai yi kuka. Amma duk direban da shaidar amincin na'ura ta rataya a kansa, tare da direban layin da yake bi ya isa guntun, masu haɗa rabe-raben Linux su gina shi a ciki, kuma a daina barin IMA ya wuce shiru idan bai ga TPM ba a na'urar da aka ce tana da shi. Ya kamata mai kula da sabar ya iya zaɓar cewa a irin wannan hali na'urar ta ƙi tashi gaba ɗaya.