Samarinmu na Legas, Kilomita 42 Ba a Shigar Mata da Cika Baki

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman ƙannena na Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago.

Duk shekara idan Fabrairu ta ƙarato, sai zancen gudun fanfalaki na Legas ya tashi a majalisunmu. Wannan ya ce shi da yake sauke buhunan albasa tun asuba, mene ne abin wuya a gudu? Wancan ya ce a ƙauyensu da ƙafa yake zuwa cin kasuwa ya dawo. Wani kuma ya ji an ce akwai daloli. A yi ta zuga juna, sai saura mako biyu a tafi neman rajista. Ban zo in hana kowa gudu ba. Ni ma ina yi, kuma ina son in ga namu sun yi yawa a kan titi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda muke shiga: da gaggawa, da alfahari, da tsoron kada a ce wane ya riga wane. Ragwanci ba shi ne matsalar samarinmu ba. Rashin iya tafiya a hankali ne.

Ku fara sanin abin da za ku shiga. A 2016 aka fara wannan gasa, kuma galibi a Fabrairu ake yin ta da sassafe. Hanyar da aka saba bi tana tashi daga babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere, ta bi titin Ikorodu, ta hau gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, ta ratsa Ikoyi da Lekki, ta ƙare a Eko Atlantic. Akan sauya hanyar a wata shekarar, amma tsawon ba ya sauyawa: kilomita 42 da mita 195, kusan nisan Kano zuwa Wudil.

Batun daloli kuwa, gara mu cire shi daga rai tun yanzu. Gaskiya ne a shekarun farko wanda ya zo na ɗaya dala dubu 50 yake karɓa, kuma ɗan Kenya Abraham Kiptum ne ya lashe a 2016 da 2017. Amma mutanen Kenya da Habasha da ke zuwa su kwashe kuɗin nan, gudu shi ne sana'arsu. Suna atisaye a kan tuddai irin su Iten ta ƙasar Kenya, mai tsayin kusan mita 2,400 daga saman teku, kuma irin su Eliud Kipchoge kan yi kilomita 200 ko fiye a mako guda. Marigayi Kelvin Kiptum ya gama gudun Chicago na 2023 cikin awa 2 da daƙiƙa 35. Ma'ana kowace kilomita cikin minti 2 da daƙiƙa 51. Duk wanda yake ganin abin wasa ne, ya nemi filin da ke da layin tsere na mita 400, ya zagaya sau ɗaya cikin daƙiƙa 69, sannan ya tuna cewa mutumin nan ya yi irin wannan zagayen sau 105 bai tsaya ba. Ko a rukunin 'yan Najeriya ma, 'yan Filato ne, mutanen Jos da Pankshin, suka fi yin gaba, kuma su ma ba jiya suka fara ba. Ni da kai muna gudu ne don lafiya da jin daɗi, da kuma mu gama da ƙafarmu. Wannan ba ƙaramin buri ba ne.

To, ga inda ake samun matsala. Ƙarfin dako daban, juriyar gudu daban. Idan mutum ya fara atisaye, zuciya da huhu kan saba cikin 'yan makonni, sai ya ji numfashinsa ya buɗe, ya ɗauka ya iso. Alhali ƙashi da jijiyoyi da agara watanni suke ɗauka kafin su ƙarfafa. Shi ya sa za ka ga yaro ya yi mako uku yana tashi kamar iska, a na huɗu ƙwauri ya kama ciwo, gwiwa ta kumbura, diddige ya hana shi taka ƙasa da safe. Sai ya ce sammu ne ko sanyin ƙashi. Ba ko ɗaya. Ya ɗora wa ƙafa abin da ba ta kai ɗauka ba tukuna.

Wanda bai taɓa gudu ba, ya fara da haɗa sassarfa da tafiya: minti ɗaya ko biyu yana sassarfa, minti biyu yana takawa, har na tsawon rabin awa, sau uku a mako. Ba abin kunya ba ne. Daga nan ya riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, kada ƙarin mako ya wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da ya yi a makon baya. Rana ɗaya a mako ya ware ta don gudu mai nisa, rana ɗaya ko biyu kuma hutu ne zalla. Mai shirin kilomita 42 yana buƙatar wata huɗu zuwa biyar, shi ma idan dama yana iya yin kilomita 10 ba tare da ya galabaita ba. Gudunsa mafi nisa ya kai kamar kilomita 30 zuwa 32, sannan idan ya rage mako biyu ko uku a yi gasa sai ya rage nauyin atisaye, jiki ya murmure. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi yi wa samarinmu wuya a duk wannan shi ne saurin da za a yi. Yawancin gudunka na mako ya kamata ya kasance a hankali, yadda za ka iya hira da na kusa da kai, ka kai ƙarshen magana ba ka yanke ta da haki ba. Amma ku dubi abin da ke faruwa idan mun fito mu biyar ko shida bayan sallar Asuba. Minti goman farko lafiya lau, ana hira ana dariya. Sai ɗaya ya ɗan matsa gaba da taku biyu. Na bayansa ba zai yarda ba, sai ya cim masa ya ɗan wuce. Babu wanda ya ce a yi tsere, amma hira ta mutu, kowa ya ɗaure fuska, ana jin numfashin juna. Kafin a zagayo an koma gasa, na ƙarshe ya iso yana dafe da ciki, sauran suna masa tsiya. Gobe ba zai fito ba, jibi wanda ya zo na ɗaya shi ma yana ɗingishi. An yi asarar mutum biyu ke nan a kan abin da babu kofi babu kyauta. Idan kuna gudu a rukuni, mafi rashin sauri a cikinku shi ne ma'auni. Wanda jininsa ke tafasa ya bari sai ranar da aka ware don gudun sauri, sau ɗaya a mako ta isa.

Sannan kada wani ya ce ai shi ɗan Sakkwato ne ko ɗan Maiduguri, zafin Legas bai kai nasu ba. A ma'aunin zafi haka ne. Amma zafin Arewa busasshe ne, gumi na fita yana bushewa, bushewar nan kuwa ita ce ke sanyaya jiki. A nan iska cike take da laima, sai gumi ya yi ta zuba, riga ta jiƙe sharkaf, jiki kuma bai huce ba. Ko zakarun da ke lashe gasar nan awa biyu da minti goma da wani abu suke yi, kuma yanayin garin na da hannu a ciki. Don haka a fita da wuri, a sha ruwa kaɗan kaɗan gwargwadon ƙishi. Idan gudun ya wuce awa ɗaya, a haɗa da ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa. Ɗirka wa ciki ledojin fiya-wata babu lissafi shi ma haɗari ne, domin yana tsarma gishirin jini har mutum ya rikice. Wanda ya ji jiri, ko tsigar jikinsa na tashi a cikin rana, ko ya fara maganar da ba ta kan hanya, a tsayar da shi, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwan sanyi, a nemo ma'aikatan lafiya. Ba a yi masa "daure, saura kaɗan".

Na ga wani saurayi a kan gadar Third Mainland a ranar gasa, bai fi shekara ashirin da biyu ba. Ya zauna ya jingina da kankaren gefen gada, kambas ɗinsa sabo fil a hannu, safa ta rine da jini wajen ɗan yatsa. Sharaɓarsa ta ɗaure tamau, kana ganin naman yana motsi da kansa. Da aka tashi daga Surulere yana cikin na gaba-gaba, yana ɗaga hannu ana ɗaukarsa a waya. Gadar nan kuwa babu inuwa, babu shago, babu mai shayi, ruwa ne hagu da dama. Dattawa masu furfura da mata suna ta wuce shi da 'yar sassarfarsu. Abin da yake ta tambaya kawai shi ne ko akwai motar da ke kwasar mutane.

Wanda ya tsallake gadar ma akwai abin da ke jiransa wajen kilomita 30. Makamashin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta daga abinci irin su shinkafa, tuwo da taliya yana da iyaka, kuma a nan ne yakan kusa ƙarewa. Kamar babur ne da ya shiga rizab: wanda ya yi ta murza wuta tun farko shi ne zai fara turi. Maganinsa a fara a hankali, a ci abin da aka saba ci kwana biyu kafin gasa, a riƙe dabino ko ayaba a riƙa ci a hanya. Kuma duk abin da ba ka gwada a atisaye ba, abinci ne ko takalmi, kada ka gwada shi ranar.

Takalmi ba sai na dubban ɗaruruwa ba. Gwanjo mai kyau daga Katangowa ko Yaba zai yi, in dai ka duba ƙasansa bai cinye gefe guda ba, ka danna soson ka ji bai mutu ba, kuma akwai sararin faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafarka da bakin takalmin, don ƙafa tana kumbura a hanya.

Yanzu maganar da ta fi damuna. Akwai masu cewa idan aka haɗiyi tiramol ko aka ɗora lemon ƙarin kuzari biyu a kai, ba a jin gajiya. Ku ji tsoron Allah a kan jikinku. Ciwo saƙo ne, ƙwayar ba ta gyara komai, toshe maka kunne kawai take yi har abin ya lalace. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta tramadol, wato tiramol ɗin nan, a lokacin gasa tun Janairun 2024. Shi kansa Abraham Kiptum da ya ci Legas sau biyu, a 2019 an dakatar da shi shekara huɗu saboda abin da gwajin jininsa ya nuna. Hatta magungunan ciwon jiki da muke saya a kyamis kamar alewa, irin su ibuprofen da diclofenac, idan suka haɗu da zafi da ƙarancin ruwa a jiki suna iya taɓa ƙoda. Kafin ka fara shirin doguwar tafiya, ka je asibiti a auna maka hawan jini, a yi maka gwajin sikila ka san ko AA ne kai ko AS. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba shi da ciwon. Mai AS yana gudu lafiya, amma ya fi kowa buƙatar kiyaye zafi da ƙishi da tashi da ƙarfi farat ɗaya. Wanda kuma zazzaɓin cizon sauro ya kayar, ya bari sai ya warke sarai.

Titin Legas ma sai an koya masa zama. Ka bi gefen hagu kana fuskantar motocin da ke tahowa, ka san direban danfo ba ya ganin kowa sai fasinja, ka lura da kwatocin da ba su da murfi. Kada ka toshe kunnuwa biyu da waƙa. Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: saurayi shi kaɗai yana sheƙa gudu cikin duhu a unguwar da ba a san shi ba, da kayan gida a jikinsa, mutum ɗaya ya isa ya yi ihun "ole", wato ɓarawo, a shiga uku. Ka sa kayan da kowa zai gane na motsa jiki ne, masu haske, ka riƙe katin shaida, ku fita ku biyu ko uku. Sallah tukuna, sannan titi. Wando kuma ya rufe gwiwa, ba ya rage wa kowa sauri. 'Yan'uwa mata da ke sha'awa, su ma su fita a rukuni da shigarsu ta mutunci, filayen wasa sun fi musu titi kwanciyar hankali.

Ku lura kuma azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2025 ya kama ne a farkon Maris, don haka shekarun nan yana faɗawa daidai lokacin gasar ko lokacin shirinta. Mai azumi ba shi da dalilin yin kilomita 25 da rana tsaka. Ya yi ɗan gajeren gudu dab da shan ruwa, ko ya bari sai bayan Tarawihi ya yi mai ɗan nisa. Idan ranar gasa ta zo cikin Ramadan, wata shekarar na nan, ga kuma wasu gasannin kamar na kilomita 10 da ake yi a Okpekpe ta jihar Edo.

A Legas ɗin ma akwai rukunin kilomita 10, kuma shawarata ga duk wanda bai taɓa shiga ba ya fara da shi bana. Ya yi rajista da sunansa, kada ya ari lambar wani, domin idan ya faɗi a hanya sunan wancan za a gani. Kada ya haye babur ya yanke hanya don ya karɓi lambar yabo ya ɗora a Facebook. Wannan ƙarya ce, ko da babu wanda ya gan shi. A bayan takardar lambar da zai manna a ƙirji kuma, ya rubuta sunan ɗan'uwansa da lambar wayarsa, da rukunin jininsa, da duk wani ciwo da yake fama da shi.