Ashirin da Biyar Mai Goyo

(Teburin mai shayi a Agege, bayan sallar isha'i. Ɗan Boko ya zabga tagumi, shayinsa ya huce.)

MAI SHAYI: Ɗan Boko, lafiya? Ko an ɗauke maka waya a danfo?

ƊAN BOKO: Gasar lissafi zan shiga, Malam. Wai a ninka 1 da 2 da 3, haka har 100. Sifili nawa ne a wutsiyar amsar?

ALHAJI MAI CANJI: Wannan ne abin tagumi? Ina kalkuletata? Sau goma sha huɗu... sau goma sha biyar... Kai! Ta rubuta E.

ƊAN BOKO: Gida 12 gare ta, Alhaji. Amsar gida 158 ce.

ALHAJI: Innalillahi! A dala ko a naira?

MAI SHAYI: Ranka ya daɗe, ajiye ta ta huta. Sifili ba ya fitowa sai 2 ta haɗu da 5, su ba da goma. Biyu kuwa ta yi yawa, kowace lamba ta biyu tana ɗauke da ita. Biyar ce ke wuya, ita za a ƙirga.

ALHAJI: Ɗari raba biyar, 20. An gama. Zuba min madara.

MAI SHAYI: Da sauran rina a kaba. Ita 25 biyar sau biyar ce, goyo take da shi. Ka ƙirga uwar, ka bar ɗan a baya. Haka 50, 75 da 100.

ƊAN BOKO: Wato a ƙara huɗu... 24! To 125 fa?

MAI SHAYI: Ta wuce ɗari, ba a gayyace ta ba.

ƊAN BOKO: Bari in gwada biyu, in yi ta raba ɗari da ita ina zubar da ragowa: 50, 25, 12, 6, 3, 1. Sau 97! Wallahi dabarar Legendre ce wannan, wani Bafaranshe.

ALHAJI: Ban san shi ba. A ina yake canji?

MAI SHAYI: Ya rasu tun 1833, Alhaji.

ALHAJI: Allah sarki. Kai kuma mai shayi, ina ka koyi wannan?

MAI SHAYI: A littafin bashi. Naka ma sifili huɗu ne a wutsiya.

ALHAJI: Ɗan Boko, duba min ko akwai goyo a ciki, ni uku na sani.